Yadda Ake Zagaya Yankunan Bosniya da Tsofaffin Garuruwanta Cikin Kwana Goma

Bosniya da Harzegobina ƙaramar ƙasa ce a yankin Balkan da ke kudu maso gabashin Turai. Faɗinta murabba'in kilomita 51,000 ne da 'yan kai, wato ta ɗan ɗara jihar Kaduna, kuma ƙidayar 2013 ta nuna mutanenta sun kai kimanin miliyan 3.5. Wanda ya dubi taswira zai zaci kwana uku sun ishe shi ya gama da ita, amma ƙasa ce ta tsaunuka, hanyoyinta kuwa ba sa miƙewa, sai dai su bi kwarin koguna suna lanƙwasa, ta yadda kilomita 130 da ke tsakanin Sarayebo, babban birnin ƙasar, da Mostar kan ci wa motar bas awa biyu da rabi. Tsofaffin garuruwan ƙasar duk a bakin koguna aka kafa su, don haka hanya mafi dacewa ita ce matafiyi ya tsara tafiyarsa kogi bayan kogi: Miljacka a babban birni, Neretva a kudu, Vrbas da Lašva a tsakiya, sannan Drina a gabas.

Mataki na farko: takardu, jirgi da kuɗi

Bosniya ba ta cikin Tarayyar Turai, ba ta kuma cikin yankin bizar Shengen, ko da yake an ba ta matsayin mai neman shiga Tarayyar a watan Disamba na 2022. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana bukatar biza, kuma da yake ofisoshin jakadancin ƙasar a Afirka ba su da yawa, ya kamata a fara neman ta watanni kafin ranar tafiya. Akwai sauƙi guda ga wanda yake riƙe da bizar Shengen ko ta Amurka mai izinin shiga sau da yawa, ko kuma takardar zama a ɗaya daga cikin waɗannan ƙasashe, domin ana barinsa ya shiga ya yi har kwana 30 ba tare da wata biza ba. Duk da haka, ka nemi tabbacin wannan a rubuce daga ofishin jakadancin kafin ka biya kuɗin jirgi, ka kuma haɗa da takardar masauki, tikitin dawowa da inshorar lafiya, saboda jami'in kan iyaka yana da ikon tambayar kowannensu.

Wani abu da ke rutsawa da baƙi shi ne batun maƙwabciyarta Kuroshiya. Tun watan Janairu na 2023 ta shiga yankin Shengen, saboda haka idan bizar Bosniya kaɗai gare ka, kada ka shiga motar yawon buɗe ido da za ta tsallaka zuwa Dubrovnik, komai kusancin garin da kan iyaka.

Hanyar da ta fi sauƙi daga Afirka ta Yamma ita ce ta Istanbul, daga nan kuma tafiyar kimanin awa biyu ce zuwa Sarayebo. Kuɗin ƙasar sunansa marka, ana rubuta shi KM, kuma an ɗaure darajarsa da yuro, yuro ɗaya a kan KM 1.95583, don haka lissafi ba ya wahala: ka raba farashi biyu, ka sami kwatankwacinsa a yuro. Ka zo da yuro ka canza a cikin gari. Katin banki yana aiki a otal da manyan shaguna, amma bas, kasuwa, gidan burodi da ƙofar shiga wuraren tarihi duk tsabar kuɗi suka fi so. Idan a otal ka sauka, su ne za su yi maka rajistar baƙi a wurin hukuma. Idan kuwa gidan haya ne, ka tambayi mai gidan tun ranar farko ko ya yi. Soket ɗinsu mai ramuka biyu ne zagayayyu, irin wanda aka saba da shi a Nijar, don haka mai zuwa daga Najeriya ya taho da mahaɗin caja.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Watannin Mayu, Yuni da Satumba su ne suka fi daɗin tafiya. A Yuli da Agusta zafin Mostar kan haura digiri 40 kuma masu yawon buɗe ido kan cika tsohon gari, daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa dusar ƙanƙara kan wahalar da hanyoyin tsaunuka, hayaƙi da hazo kuma su lulluɓe kwarin Sarayebo har a soke tashin jirage. Ko a watan Yuni ka riƙe rigar sanyi, domin daren Sarayebo da na Jajce yana da sanyi. Mai kula da lokutan salla ya sani cewa a tsakiyar shekara rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe takwas da rabi na dare, alfijir kuma yana ketowa tun kusan ƙarfe uku. Agogonsu daidai yake da na Najeriya da Nijar a lokacin sanyi, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba kuma yana gaba da awa ɗaya.

Mataki na uku: sanin yadda ƙasar ta kasu

Wannan sani ba na ɗalibin tarihi kaɗai ba ne, domin shi zai nuna maka tashar da za ka je da abincin da za ka saya. Yarjejeniyar Dayton ta 1995, wadda ta kawo ƙarshen yaƙin da aka fara a 1992, ta raba mulkin ƙasar gida biyu: Tarayyar Bosniya da Harzegobina, inda Bosniyawa Musulmi da Kuroshiyawa mabiya Katolika suka fi yawa, da kuma Republika Srpska, inda Sabiyawa mabiya Otodoks suka fi yawa, sai ƙaramar gundumar Brčko mai cin gashin kanta. Bosniyawa Musulmi sun kai kimanin rabin al'umma, Sabiyawa kusan kashi 31 cikin ɗari, Kuroshiyawa kimanin kashi 15. Babu shinge ko binciken fasfo a tsakanin sassan, kuma mutanen suna jin maganar juna sarai, amma da zarar ka shiga yankin Sabiyawa za ka ga allunan hanya sun fara da baƙaƙen Sirilik, saboda haka yana da kyau ka adana sunayen garuruwan da za ka je cikin rubutun iri biyu a wayarka. A rubutunsu na boko, harafin j yana ba da sautin y, c kuma yana ba da ts, shi ya sa ake rubuta Sarajevo da Jajce amma ake furta Sarayebo da Yaitse.

Zamani uku ne suka bar gine-ginen da za ka riƙa gani: na masarautar Bosniya, wadda ta faɗi a 1463, na Daular Usmaniyya ta Turkiyya (ba ta Sakkwato ba), wadda ta yi mulki fiye da shekara 400, da na Daular Ostiriya da Hangari, wadda ta karɓi ƙasar a 1878.

Game da abinci, a unguwannin Musulmi naman shanu da na rago ne ake ci, amma a yankunan Sabiyawa da Kuroshiyawa naman alade abinci ne na yau da kullum kuma akan gauraya shi cikin niƙaƙƙen nama. Ka haddace kalmar svinjetina, ita ce naman alade, ka duba ta a takardar abinci, idan kuma kana shakka ka nemi kifi ko abin da aka yi da cuku. Sannan akwai gargaɗin da ba a sassauta shi: har yanzu akwai nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi a wasu dazuzzuka da gonakin da aka ƙaurace wa. A cikin gari da kan kwalta babu haɗari, amma kada ka ratsa ciyawa a ƙauye, kada ka shiga kangon gida, kuma idan ka ga jan allo mai hoton ƙoƙon kai da rubutun MINE, ka koma ta inda ka fito.

Mataki na huɗu: kwana uku a Sarayebo

Ka nemi masauki a kusa da Baščaršija, tsohuwar kasuwar da Isa-beg Ishaković ya kafa a ƙarni na 15, domin daga nan kusan komai da ƙafa ake zuwa. Ranar farko ka fara daga Sebilj, rumfar ruwan sha ta katako da ke tsakiyar dandali, ka shiga layin maƙera na Kazandžiluk inda har yau ake jin ƙarar guduma a kan jan ƙarfe, sannan ka nufi masallacin Gazi Husrev-beg, wanda aka gina a wajen 1531. Wannan gwamna ya bar wa birnin waƙafi mai girma, wanda ya haɗa da masallacin, da makarantar da aka buɗe a 1537 kuma take karantarwa har yanzu, da kasuwa mai rufi, da ɗakin karatu. Ɗakin karatun ya cancanci awa guda cur, domin yana ɗauke da dubban rubuce-rubucen hannu na Larabci, Turkanci, Farisanci da ajamin Bosniya, cikinsu har da wani juzu'i na Ihya'u Ulumid Din da aka kwafa tun Imam Gazali yana raye. A lokacin yaƙi ma'aikatansa ne suka riƙa kwashe littattafan a kwalaye daga wannan maɓoya zuwa waccan har suka tsira.

Kafin ka bar harabar masallacin ka ɗaga kai ka dubi hasumiyar agogo da ke gefensa. Za ka ga lokacin da take nunawa bai yi daidai da na wayarka ba, kuma ba lalacewa ta yi ba: an saita ta ne ta buga sha biyu daidai faɗuwar rana, wato lokacin magariba, kuma da yake faɗuwar rana tana matsawa kullum, akwai ma'aikaci na musamman da ke hawa yana gyara ta da hannu. Musulmin Bosniya mabiya mazhabar Hanafiyya ne, don haka wanda ya taso a Malikiyya zai ga 'yan bambance-bambance a sahu, zai kuma ga jama'a suna zama bayan sallama a yi tasbihi tare da ladan.

Daga nan ka bi titin Ferhadija ka yi yamma. A wani wuri za ka ga an zana layi a ƙasa, kuma daga wannan layi shagunan katako na zamanin Turkawa suke ƙarewa, dogayen benaye irin na Biyana, babban birnin Ostiriya, su fara. Cikin tafiyar 'yan mintoci daga nan za ka iya kaiwa ga tsohuwar majami'ar Otodoks, da babban cocin Katolika na 1889, da wurin ibadar Yahudawan da kakanninsu suka zo bayan an kore su daga Sifaniya a 1492. Ina ganin kuskure ne baƙo Musulmi ya tsaya ga masallatai kawai, domin wanda bai ga waɗannan gine-gine kusa da juna ba, ba zai gane abin da mutanen birnin suka yi ƙoƙarin karewa a lokacin yaƙi ba. Ka sauko bakin kogin Miljacka ka tsaya a Gadar Latin, inda Gavrilo Princip ya harbe yarima mai jiran gadon Ostiriya, Franz Ferdinand, da matarsa ranar 28 ga Yuni 1914, abin da ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Gaba kaɗan akwai Vijećnica, zauren birni da aka buɗe a 1896, wanda ya koma babban ɗakin karatu na ƙasa, aka ƙona shi da ruwan bama-bamai a watan Agusta na 1992, aka sake buɗe shi a 2014.

Abincin rana a kasuwar shi ne ćevapi, 'yan ƙananan mulmulen niƙaƙƙen nama da ake gasawa a kan gawayi a zuba cikin burodi mai laushi da ake kira somun, da yankakkiyar albasa a gefe. Akwai kuma nau'in fanke mai siririn ɓawo da ake naɗewa a gasa: mai nama shi ne burek, mai cuku sirnica, mai alayyafo zeljanica, mai dankali krompiruša, kuma da nauyi ake sayar da su. Gahawarsu kuwa a kan ƙaramin faranti na jan ƙarfe take zuwa, da 'yar tukunya mai dogon mariƙi, da finjali, da ƙwayar sukari da guntun alewa. Ka kwashe kumfar da cokali, ka tsiyaya gahawar a hankali don kada garin ya biyo, ka mayar da kumfar a kai, sannan ka gutsuri sukarin ka kurɓa. Ba a shan ta a tsaye, kuma babu mai ɗaga ka daga kujera ko da ka yi awa guda a kan finjali ɗaya.

Rana ta biyu ta ƙawanya ce. Daga Afrilu 1992 zuwa Fabrairu 1996, kwana 1,425, dakarun Sabiyawan Bosniya sun kewaye birnin daga kan tsaunuka, kuma fiye da mutum 11,000 suka rasu. Ka ɗauki tasi zuwa unguwar Butmir ka ga ramin da mazauna birnin suka haƙa a 1993 a ƙarƙashin filin jirgin sama, mai tsawon kimanin mita 800, wanda ta cikinsa abinci da magani da makamai suka riƙa shiga. A kan titunan tsakiyar gari kuma ka riƙa duban ƙasa, za ka ga wasu ramukan da harsashin igwa ya fasa an cike su da jan abu, alamar cewa an rasa rayuka a wurin. Da yamma ka hau tudu ta maƙabartar Kovači, inda kabarin shugaban ƙasa na farko Alija Izetbegović yake a tsakiyar fararen duwatsun kaburburan mayaƙa, ka ƙarasa ganuwar Žuta Tabija. Daga can ake harba igwar shan ruwa a watan azumi, daga can kuma ake ganin birnin gaba ɗaya a cikin kwarinsa.

Rana ta uku ka sassauta. Ka shiga taragon lantarki mai lamba 3 zuwa Ilidža ka ga maɓuɓɓugar kogin Bosna, ko ka hau keken igiya da aka sake buɗewa a 2018 zuwa tsaunin Trebević, inda ragowar filin wasannin Olamfik na hunturun 1984 yake. Ka je tashar jirgin ƙasa a ranar ka tabbatar da lokacin tashi, ka sayi tikitin gobe.

Mataki na biyar: kwarin Neretva da Harzegobina

Jirgin ƙasa daga Sarayebo zuwa Mostar yana ɗaukar kimanin awa biyu, kuma ya fi bas nesa ba kusa ba, saboda yana ratsa ramukan tsaunuka yana sauka a hankali har ya riski kogin Neretva mai koren ruwa. Jiragen ba su da yawa a rana, don haka ka kama na sassafe ka nemi kujerar taga. Wanda ya yi hayar mota yana iya tsayawa a Konjic ya ga gadar dutse ta ƙarni na 17 da maɓoyar ƙarƙashin tsauni da aka gina wa Tito, shugaban tsohuwar Yugoslabiya, a asirce tsakanin 1953 da 1979, wadda sai an yi rajista tun da wuri ake shiga, sannan ya ci gasasshen rago a Jablanica. Hannun tuƙinsu dama ne, kuma doka ce a kunna fitila ko da rana tsaka.

Da ka sauka a Mostar za ka ji iska ta sauya, ka ga ɓaure, inabi da rumman, da gidajen farin dutse. Ka kwana uku a nan. Tsohuwar gada, Stari Most, Sarki Sulaiman na Daular Turkawa ne ya ba da umarnin gina ta, magini Hayruddin, almajirin Mimar Sinan, babban maginin daular, ya kammala ta a 1566. Baka ɗaya ce tak, ta yi sama da ruwa fiye da mita 20. Ta yi shekara 427 a tsaye kafin dakarun Kuroshiyawan Bosniya su rushe ta ranar 9 ga Nuwamba 1993, aka sake gina ta da irin dutsen yankin da salon aikin farko, aka buɗe ta a watan Yuli na 2004, UNESCO kuma ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2005. Dutsen bisa gadar yana da santsi ƙwarai, ga shi da gangara, don haka ka sa takalmi mai kama ƙasa, ka riƙa ɗora ƙafarka a kan 'yan layukan dutse da aka ɗaga a gicciye, musamman wajen sauka. Ka je da sassafe bayan asuba, kafin motocin masu yini ɗaya su iso daga gaɓar teku. Za ka ga samarin garin suna tara kuɗi daga 'yan kallo kafin ɗayansu ya yi tsalle cikin kogin. Sana'a ce da suka koya shekara da shekaru, ruwan kuma yana da tsananin sanyi ko a tsakiyar zafi, don haka baƙo ya tsaya ga kallo. Hoton gadar mafi kyau daga hasumiyar masallacin Koski Mehmed Pasha na farkon ƙarni na 17 ake ɗaukarsa, sai dai matakalarta tana da ƙunci sosai.

Ka tsallaka har babban titin Bulevar, wanda shi ne fagen daga a 1993. Gabashin birnin Bosniyawa Musulmi suka fi yawa, yammacinsa Kuroshiyawa, kuma har yanzu akwai benayen da ke ɗauke da tabon harsashi. Idan hira ta kai ga yaƙi, ka saurara fiye da yadda za ka yi magana, kada kuma ka fara da tambayar mutum ƙabilarsa ko addininsa, domin kusan duk wanda ya haura shekara arba'in yana da wanda ya rasa.

Sauran kwana biyun na kewaye ne. Blagaj tana kimanin kilomita 12 daga Mostar kuma bas na cikin gari yana zuwa. A can kogin Buna yake fitowa da ƙarfinsa daga wani kogo a gindin dutse mai tsayin kusan mita 200, a bakinsa kuma akwai zawiyar Sufaye ta zamanin Turkawa, farin gida mai barandar katako da ke leƙen ruwa. Ana cire takalmi, mata kuma suna rufe kai. Počitelj tana kimanin kilomita 30 kudu da Mostar, gari ne da aka gina a jikin tudu, mai masallacin Hadži Alija na wajen 1563, da hasumiyar agogo, da ganuwa a can ƙoli. Hawan duk matakala ce ta dutse, saboda haka ka je da safe, ka sayi ruwan rumman a wurin matan da ke sayarwa a bakin hanya. Matsirgar ruwa ta Kravica ba ta da nisa daga nan, amma wurin wanka ne da ke cika maƙil a lokacin zafi, kuma wanda lokacinsa ya ƙure zai fi amfana da zuwa Stolac. A kusa da ita, a Radimlja, akwai manyan duwatsun kaburbura na zamanin masarautar Bosniya da ake kira stećci, wasu da sassaƙen mutum ya ɗaga tafin hannu, waɗanda UNESCO ta amince da su a 2016. Mai ƙarin kwana ya wuce Trebinje, garin Sabiyawa mai natsuwa a bakin kogin Trebišnjica, ya ga gadar Arslanagić, wadda aka kwance dutse bayan dutse aka sake ginawa a wani wuri saboda madatsar ruwa. Hanya mafi sauƙi ta haɗa waɗannan wurare ita ce a yi jinga da direba ɗaya na yini guda, a kuma yanke farashi kafin a tashi.

Mataki na shida: Jajce da Travnik

Daga Mostar ka yi arewa ta Jablanica, Prozor da Bugojno zuwa Jajce. Motocin bas a wannan hanya ba su da yawa, don haka ka je tasha kwana guda kafin tafiya ka tambaya da bakinka, kada ka dogara da jadawalin intanet kaɗai. Ka riƙe canji a hannu, domin direba yana karɓar marka ɗaya ko biyu a kan kowace jaka da za a sa a but.

Jajce ita ce mazaunin sarakunan Bosniya na ƙarshe, kuma a nan aka kashe sarki na ƙarshe, Stjepan Tomašević, a 1463. Kogin Pliva yana faɗowa cikin Vrbas daga tsayin kimanin mita 20 a tsakiyar gari, ganuwa kuma tana bisa tudu da gidaje masu dogon rufi a jikinsa. Yini ɗaya ya isa a ga ganuwar, da ɗakin ibada da aka sassaƙa a cikin dutse a ƙarƙashin ƙasa, da zauren da mayaƙan Tito suka taru ranar 29 ga Nuwamba 1943 suka aza harsashin sabuwar Yugoslabiya, sannan a fita 'yan kilomitoci zuwa tafkunan Pliva a ga ƙananan ɗakunan niƙa na katako da aka jera a kan ruwa. Banja Luka, babban birnin yankin Sabiyawa, tana arewa ta kwarin Vrbas, kuma abin da zai kai mai sha'awar tarihi can shi ne masallacin Ferhadija na 1579, wanda aka tarwatsa a watan Mayu na 1993 aka sake buɗewa a 2016.

Travnik tana kan hanyar komawa Sarayebo, kimanin kilomita 90 daga babban birnin, kuma a ganina ta fi cancantar a kwana a cikinta fiye da yadda yawancin matafiya ke yi mata. Ita ce mazaunin gwamnonin Turkawa kusan shekara 150, daga 1699 zuwa tsakiyar ƙarni na 19, shi ya sa ƙaramin gari irinta yake da hasumiyar agogo biyu da kaburburan gwamnoni a bakin titi. Ka ga masallacin Sulejmanija mai zanen furanni a bangonsa na waje da shaguna a ƙarƙashinsa, ka hau ganuwa, ka sauko Plava Voda inda ruwa ke fitowa daga gindin tsauni ka sha gahawa a bakinsa. Farin cukun tumaki na tsaunin Vlašić a nan ake samun na ainihi.

Mataki na bakwai: kwarin Drina

Ka koma Sarayebo ka ware kwana ɗaya ko biyu don gabas. A nan ne sanin yadda ƙasar ta kasu zai yi maka amfani, domin birnin yana da tashar bas biyu: babbar tasha da ke kusa da ta jirgin ƙasa, da kuma ta Lukavica a Gabashin Sarayebo, wadda daga ita yawancin motocin yankin Sabiyawa ke tashi. Ka tabbatar da tashar da motarka take tun ana gobe za ka tafi, saboda akwai nisa a tsakaninsu.

A Višegrad akwai gadar da babban wazirin Daular Turkawa, Mehmed Pasha Sokolović, ɗan asalin yankin, ya sa Mimar Sinan ya tsara, aka gama ta a 1577, mai baka 11 da tsawon kimanin mita 180, wadda ta shiga jerin UNESCO a 2007. Gada ce kyakkyawa, kuma a kanta aka kashe fararen hula Musulmi da dama a 1992, abin da ya kamata mai ziyara ya sani kafin ya taka ta. Srebrenica tana arewa da nan, tafiyar kusan awa uku daga Sarayebo, kuma ba a haɗa ta da Višegrad a yini ɗaya sai an yi gaggawar da ba ta dace da wurin ba. A watan Yuli na 1995 aka kashe maza da yara maza Musulmi fiye da 8,000 a yankin, kotunan duniya kuma suka tabbatar da cewa kisan ƙare dangi ne. Maƙabartar tunawa da su tana Potočari, daura da tsohuwar masana'antar da sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi sansani, wadda yanzu ta zama gidan tarihi. Ka sa tufafin mutunci, ka rage murya, kada ka ɗauki hoton masu ziyarar kaburburan danginsu. Ranar 11 ga Yuli ake taron shekara da jana'izar waɗanda aka gano gawarwakinsu, kuma hanya kan cika ƙwarai. Zuwa da direba ko ɗan jagora daga Sarayebo ya fi bas sauƙi, saboda motocin dawowa da yamma ba su da yawa.

Daren ƙarshe ka kwana a Sarayebo, kada ka dogara da isowa daga wani gari a ranar tashin jirginka, domin hatsari ɗaya ko gyaran hanya a cikin kwari kan tsayar da motoci na tsawon awoyi. Filin jirgin yana kimanin kilomita goma daga tsohuwar kasuwa, ka kuma nemi direban tasi ya kunna mita tun kafin ku tashi. Idan za ka sayi kayan gahawa na jan ƙarfe, ka saya a hannun maƙerin da ka ga yana aiki, ka duba cikin tukunyar ko an shafe shi da farin ƙarfe, domin wadda ba a shafe ba ta ado ce kawai. Sauran markar da ke aljihunka kuwa ka mayar da ita yuro kafin ka wuce jami'an fasfo, saboda da wuya ka sami mai canza maka ita a wajen ƙasar.